Shekarar da Na Koma Bencin Azumi

Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai wani a cikinku ya tayar da zancen. Yaro ya kawo sakamakon jarrabawa ba daɗi, sai a ce kada a dake shi, gado ya yi, ai Hajiya ma ta maimaita aji uku. A yi dariya, ni ma in yi, domin gaskiya ne na maimaita. Amma ba wanda ya taɓa tambayata dalili, ni kuwa tun ina ƙarama ba na iya tsoma baki in mutane sun haura uku. Da alƙalami na fi sakewa. To ga yadda abin ya faru. In kun karanta, wanda ya ga dama ya ci gaba da tsokana.

A Karaye muke a lokacin, zamanin Turawa. Baba masaƙi ne, masaƙarsa tana gindin durumin ƙofar gida, zarenta a miƙe har bakin hanya, awaki suna tsallake shi kamar don su aka shimfiɗa. Cikin gida akwai Inna, da kakarmu uwar Baba wadda muke kira Iya, sai ni, sai ƙanwata Azumi, wadda kuka sani da Hajiyar Kano. Sauran ƙannenmu ba su zo duniya ba tukuna. Ni ce 'yar fari, kuma ku 'ya'yan yanzu sai na yi muku bayanin abin da hakan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, Baba ma haka. Ina tsaye kusa da ita har zannuwanmu na gogar juna, sai ta ɗaga murya ta ce:

"Iya, a gaya wa waccan cewa randa ta bushe."

Iya ta ce, "Waccan, kin dai ji."

Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa kwana da yunwa ko rasa sabon zane da salla ba. Sai dai duk maganar da zan yi da iyayena sai ta bi ta bakin Iya, ita kuwa Iya ba ta isar da saƙo sai ta ƙara masa gishiri. Don haka na saba da yin shiru ina kallo. Na san wace kaza ce ke ɓoye ƙwai a bayan rumbu, na san in Inna ta karkata ɗaurin kallabinta hagu ranta a ɓace yake.

Na girmi Azumi da shekara biyu, amma aji ɗaya ne tsakaninmu, domin shekarar farko da mai unguwa ya zo rubuta yaran da za a kai makarantar boko, Iya ta cusa ni cikin rumbun dawa ta rufe. Shekara ta biyu ba ta ji zuwansa ba. Azumi kuwa ba wanda ya nemi ɓoye ta, da an gwada ma da surutunta ya tona ta daga cikin rumbun. Ita ta yi ta bina da kuka har aka rubuta ta. Yarinya ce mai kaifin kai da kaifin baki, abin da aka koya mata da safe da shi za ta yi wa Iya wa'azi da yamma. 'Yan aji biyu da 'yan aji uku ɗaki ɗaya muke, malaminmu ɗaya, Malam Garba, su suna fuskantar gabas mu muna fuskantar yamma. Ni ina uku, ita tana biyu, in na ɗan karkata kai ina hango gefen fuskarta.

Wajen kakar gyaɗa ta waccan shekara na fara lura da abin. Azumi ta shigo a guje daga rijiya tana haki, tana ba ni labarin wani jaki da ya kayar da mai shi, sai ta tsaya a tsakiyar kalma. Idonta a buɗe, yana kaina, amma ba ni take gani ba. Fatar idon tana ɗan karkarwa, leɓenta yana motsi kamar mai tsotsar tsamiya. Bai fi a ɗebi ruwa a randa a kai baki ba, sai ta ɗora daga inda ta tsaya.

Na ce, "Ina kika je?"

Ta ce, "Ina fa? Yaya, ki bari in ƙarasa mana."

Ita ba ta san ta je ko'ina ba. Tafiya na sa wa abin suna, don ban san wani sunan ba.

A makaranta abin ya fi yin ɓarna. Kowace safiya Malam Garba yakan jera mu a fili da usur a bakinsa, mu yi tsalle, mu zagaya a guje, sa'an nan mu tsaya hannu a ƙugu ya riƙa cewa, "Ja! Sauke! Ja! Sauke!" mu yi ta jan numfashi har mu ji jiri. Ya ce haka littafin da aka aiko daga Kano ya ce, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa. Muna shiga ɗaki kuma sai lissafin ka, ba allo ba alli. Zai ce, "Bakwai, a ƙara biyar, a ɗebe uku, a ninka biyu. Azumi!" Ita kuwa bakwai da biyar ta ji, sai ninkawa, ukun da aka ɗebe ta wuce tana can. Ta miƙe da ƙarfin gwiwa ta ce ashirin da huɗu, aji ya fashe da dariya. Wata rana kuma ya kira ta tana tsaka da tafiya, ta zuba masa ido ba amsa.

"Ni kike harara? Ke 'yar masaƙi, zare kike auna mini a fuska?"

Tsumagiya ta sauka a kafaɗarta, ta dawo ba ta san laifinta ba. Malam Garba ba mugu ba ne. Yara sun cika masa ɗaki, kuma shi abin da idonsa ya nuna masa raini ne.

A gida da ba a gane ba, don Inna takan ce shiririta ce kawai. Amma sai Gwaggo Tabawa, yayar Baba 'yar kishiyar Iya, ta zo mana kwana bakwai daga Beli. Hura wutar kunun safe aikin ƙaramar gida ne, wato Azumi. Ran nan ta durƙusa a murhu tana ta hurawa, itacen ɗanye ne ya ƙi kamawa, sai ta tafi da hannunta a bakin murhu. Gwaggo ce ta ga gefen zanenta yana hayaƙi, ita kuwa ko motsi. Aka fizge ta, yatsu biyu sun yi bororo. Gwaggo ta yi salati ta ja Inna ɗaki, sai dai muryar Gwaggo ba ta san ɗaki ba.

"Wannan ƙanwar farfaɗiya ce, na ga irinta. A ware mata ƙwarya da ludayi, kada yawunta ya taɓa na kowa. Ku ba ni ita in tafi da ita Beli, akwai mai turare a can. Bokon nan ma shi ya buɗe mata kai har mutanen ɓoye suka sami hanya."

A ranar aka yi wa wata ƙwarya alama da baƙin tukunya. Tun tasowarmu ni da Azumi ƙwarya ɗaya muke ci, in an sami nama ta sace nawa, ni in yi kamar ban gani ba. Yanzu ga ta can gindin rumbu ita kaɗai, tana juya tuwo da yatsun da ba su ƙone ba. Bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu. Kwana biyu bayan haka Malam Garba ya aiko wa Baba cewa yarinyar ba ta ɗaukar karatu, zai mai da sunanta wurin hakimi a kawo wata. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, ran Lahadi za su kama hanya.

Ni kuwa ina da abin da na sani, ba ni da wanda zan gaya wa. Tun ran labarin jakin nan nake ajiye ƙwallayen tsamiya a wasu ramuka biyu na katangar bayan ɗakin Iya. In Azumi ta tafi bayan ta yi haki, wato gudu, ko hura wuta, ko ja-sauken Malam, sai in jefa ƙwallo a ramin dama. In ta tafi haka kawai tana zaune, in jefa a na hagu. Ban san me ya sa na fara ba, hannuna ne ke neman aiki in baki ya ƙi. Ramin dama ya cika har yana zubowa, na hagu ko tafin hannu ba su rufe ba. Ran Alhamis da la'asar na tarar da Iya tana kaɗi a inuwar ɗakinta, na zube ƙwallayen a gabanta kashi biyu, na zauna.

"Uwar shiru, dara za mu yi?"

"Iya, ba mutanen ɓoye ba ne."

Mazarin ya tsaya cak. "La'ilaha illallahu! Ku zo ku ji, turmi ya yi magana!"

"Haki ne, Iya. In ta yi numfashi da yawa take tafiya."

"Ke da aljanun kuka zauna suka gaya miki?"

Na nuna mata kashi-kashin, na gaya mata yadda na tara su. Ta yi ta juya ƙwallayen da yatsa.

"Duk kwanakin nan ina cewa ɓera ke tara mini tsamiya a katanga, ashe ɓeran a ɗakina yake kwana. Kin san in na kai maganar nan ta zama ƙarya, Tabawa za ta yi mini dariya har Beli?"

Na ce na sani.

"To miƙo mini mayafina."

Na bi ta na laɓe a zaure. Iya ba ta kiran Baba da sunansa, don shi ma ɗan fari ne, Masaƙi take ce masa.

"Masaƙi, tsai da katakon nan. Babbar 'yarka ta zo da magana."

Ya sunkuyar da kai. "Iya, wace babba kuma?"

"Wadda aka tsinto a kasuwa. Saurara dai."

Ta faɗa masa, har ƙwallayena suka zama kwando guda a bakinta. Sai Baba ya ƙwala wa Azumi kira. Gwaggo ma ta fito ta tsaya a bakin zaure, ta riƙe ƙugu. Ya yago 'yar auduga, ya wurga ta sama, ya ce wa Azumi ta yi ta hura ta, kada ta bari ta taɓa ƙasa har ya ƙirga ɗari. Ta ɗauka wasa ne, ga shi rabonta da wasa kwana huɗu. Ta yi ta hurawa tana bin audugar tana dariya. Bai kai ɗarin ba, sai audugar ta sauko a hankali ta kwanta a ƙafarta, ita kuwa tana tsaye ido a buɗe. Baba ya kai baki kusa da kunnenta ya ce da ƙarfi, "Goro!" Can ta dawo, ta sunkuya za ta ɗauki audugar.

"Me na ce miki yanzun nan?"

"Ka ce kada ta taɓa ƙasa. Baba, wallahi ban bar ta da gangan ba."

Ya zaunar da ita ta huta, suka yi ta hira, ba ta tafi ba. Ya sake sa ta hurawa, ta sake tafiya.

Gwaggo ta ce, "To ai ka gani da idonka. Ta numfashi suke shiga."

Ya ce, "Na gani, Yaya."

Shekaru masu yawa bayan haka jikata Nafisa, wadda ke aiki a asibiti, ta nuna mini wata doguwar takarda ta wani yaro, mai zane-zane kamar kunyoyin gona. Ta ce wayoyi ake manna wa mutum a ka, na'ura ta riƙa zana motsin ƙwaƙwalwarsa, domin ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa cik, kullum cikin kaɗawa take, da sauri in mutum yana tunani, a hankali in yana barci, kuma ta wannan kaɗawar ce sassanta ke miƙa wa juna saƙo har karatu ya zauna. Ta nuna mini wani wuri da ƙananan zanen suka rikiɗe suka zama manya, duk iri ɗaya, sa'an nan suka koma yadda suke. Ta ce nan ne yaron ya tafi. Na ce mata ai lugude ne. Mata uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta, hatsi yana dakuwa. In duka ukun suka sauka tare sai su cije a bakin turmi, a ɗan tsaya, a sake kamawa. Ta ce kusan haka ne. Da ta gaya mini har yau in suna son ganin abin takarda suke ba yaro ya yi ta hurawa, sai da na nemi wurin zama. Baba bai taɓa taka asibiti ba sai a ciwon ajalinsa.

Amma a ranar ba mu da Nafisa, sai Baba, shi kuwa ba ya yanke magana sai ya saƙa ta. Duk gidan mun san haka. In ransa a kwance yake, ƙoshiyarsa, ɗan katakon nan mai kai zare yana komowa, tana tafiya ƙwas, ƙwas, ƙwas, har kaji su yi gyangyaɗi. In magana ta tsaya masa a rai sai ta yi sauri, ta tsaya, ta sake yin sauri, zare ya tsinke ya ɗaura. Ran Juma'a tun hantsi haka muka yi ta ji. Gwaggo tana ɗaure kayan Azumi a tsumma, Inna tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Ya tafi masallaci, ya dawo ya koma. Ni ina bakin zaure ina tsinke zogale, kunnena yana waje. Wajen la'asar sakaliya na ji ƙoshiyar ta daidaita, ba sauri ba tsayawa. Na san an gama. Abin da ban sani ba shi ne ta wane gefe.

Washegari lokacin kunu ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi, don a zaure ake kai masa nasa. Ya zauna a kujerar Iya.

"Azumi, kawo ƙwaryar nan taki."

Ta kawo, ta riga ta sha rabi. Ya karɓa, ya ɗauki ludayinta, ya yi bismilla, ya shanye tas.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "A'uzu billahi! Kai ka san abin da ka yi kuwa?"

"Kunu na sha, Yaya, tsamiyar ta ɗan yi yawa." Ya juya wajen Iya. "Ba za ta Beli ba. Daga yau ba ta hura wuta, ba ta zuwa rijiya a guje. Addu'a kuma ba mu daina ba, Allah ne mai warkarwa. A wanke baƙin nan daga ƙwaryar."

Gwaggo ta tafi ran Lahadi ita kaɗai, ko goron sallama ba ta karɓa ba. Ba ta sake takowa ba sai sunan ƙaninmu, kuma da ta zo har awarwaro ta kawo wa Azumi. Kada ku riƙe ta a rai, tsoro ne ya sa ta, kuma a zamanin kowa abin da ta faɗa ya sani.

Saura Malam. Ran Litinin Baba ya sa babbar rigarsa ya raka mu makaranta, yana gaba muna baya, da 'yar audugarsa a aljihu. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da sana'a, ya nuna wa Malam Garba abin da ya nuna wa Gwaggo. Malam ya ga yarinya ta tafi a gabansa, ya kira sunanta sau biyu ba amsa. Na ga ya kalli tsumagiyar da ke kan teburinsa, ya tura ta ƙarƙashin rajista.

"Na ɗauki alhakin yarinyar nan, Allah ya yafe mini. Gudu da ja-sauke na ɗauke mata, ta riƙa kaɗa mana ƙararrawa. Amma ka ce ko tana zaune takan tafi wani lokaci. Kai masaƙi ne, ka san in zare ya tsinke ba a ɗaura ba, ramin yana nan har ƙarshen ƙyalle. Ni ba zan iya tsare idon mutum ɗaya ba, ga ɗaki cike. Wa zai riƙa ɗaura mata?"

"Ni."

Ban san na faɗa ba sai da na ji muryata. Wannan ce kalma ta farko da na taɓa furtawa a gaban Baba ba a tambaye ni ba. Bai juyo ba, bango ya zuba wa ido.

Malam ya ce, "Rakiya, bayan hutu ke aji huɗu za ki, ɗaya ɗakin. Ita za ta shiga uku."

"Sai in zauna a ukun."

"Kin san daga aji huɗu ake zaɓen masu tafiya makarantar 'yan mata a Kano? Ina da niyyar sa sunanki. Kin riga kin makara da shekara ɗaya. In kika ƙara wata, za su ce kin girma."

Baba ya ce, yana kallon bangon, "Malam, tambayi yarinyar nan ko ta san abin da take faɗa."

Malam ya ce, "Kin ji."

Na ce, "Na sani."

Ƙarya zan yi in na ce na sani duka. Ina son Kano. Malam ya taɓa nuna mana hoton 'yan matan can da fararen kallabai, kowace da littafinta na kanta, na daɗe ina ganin kaina a layin baya na hoton nan. Amma Kano hoto ce, Azumi kuwa ga ta a gefena tana murza yatsunta masu tabo. Sai Baba ya ce, "To, Allah ya yi mata albarka," ya miƙa wa Malam hannu.

Ranar da aka dawo hutu 'yan ajinmu suka kwashi allunansu suka wuce ɗaya ɗakin, wata tana waƙa wai Rakiya ta yi nauyi benci ya riƙe ta. Na yi kuka a bayan makaranta, sau ɗaya, ban ƙara ba. Na zauna hannun daman Azumi, gwiwoyina suna tokare bencin gaba. Cikin wata guda na iya gane tafiyar tun tana hanya, numfashinta yakan ɗan canja, allin hannunta ya sassauta. Sai in ɗora yatsa a gwiwarta, in riƙe maganar Malam a kaina. Tana dawowa ta ji yatsana ta san an yi rami, ta karkato kunne, in raɗa mata, "A ɗebe uku," shi ke nan ta cafke. Ba na ba ta amsa, abin da ya wuce ta kawai nake mayar mata. Malam ya ja mini kunne a kan haka, ita ma ba ta so, in na yi ƙoƙarin ƙarawa sai ta taka mini ƙafa. Wutar safe ta dawo kaina, rijiya ma haka, idona ya sha hayaƙi har ya saba. Amma ku sani ban taɓa jin daɗin karatu kamar a shekarun nan biyu ba, don saurare nake saboda mutum biyu, ba damar gyangyaɗi. Da yamma Azumi ta zauna tana yi wa Iya bayanin wai duniya ƙwallo ce kuma juyawa take, Iya ta ce in haka ne me ya hana kununta zubewa, su yi ta musu har Inna ta juya baya tana dariya.

Malam Garba ya nemi a ba shi aji huɗu shekarar da muka shiga, ya bi mu. Ƙarshen shekarar wata Baturiya ta zo a mota zaɓen masu tafiya Kano, ta zauna a kujerarsa, ana kiran 'yan mata ɗaya-ɗaya gaban tebur, inda yatsana ba ya kaiwa. Da aka kira Azumi na ga ƙirjinta yana hawa yana sauka don tsoro, na san abin da zai biyo baya. Karatu ta yi shi sumul. Baturiya ta fara lissafi da Hausarta mai tauri, tana tsakiya idon Azumi ya tsaya. Na danna yatsa a tawa gwiwar har ya yi zafi. Baturiya ta gama, ta jira, ta ɗaga gira, ta kai alƙalami kan takarda.

Malam Garba ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, a ba ni izini in maimaita mata da irin Hausarmu ta ƙauye."

Ya cire tabarau, ya ciro hankici ya goge, ya ɗaga ya duba, ya sake gogewa, idonsa yana kan fatar idon Azumi. Sai da ta daina karkarwa ya faɗi tambayar, kalma-kalma yadda Baturiya ta faɗe ta, bai canja ko ɗaya ba. Azumi ta ba da amsa kafin ya rufe baki. Baturiya ta ƙara mata uku masu wuya, ta cinye su. Aka rubuta sunanta. Ni ma an kira ni, na amsa duk abin da aka tambaye ni. Baturiya ta dube ni daga kallabi har ƙafa, ta yi wa Malam magana da Turanci a hankali, shi kuma ya dubi ƙasa. Ba sai an fassara mini ba. Aji huɗu ne iyakata, da shi na koya wa matan unguwarmu karatu bayan na yi aure, da shi kuma nake rubuta muku wannan.

Ran tafiya, a gindin motar gyaɗa da za ta kai waɗanda aka zaɓa Kano, Azumi ta riƙe zanena ta ce ita ta fasa.

"Yaya, a can wa zai riƙe mini magana?"

"Ki duba cikin ajin, akwai wadda ba ta magana, tana gefe tana kallon kowa. Ba a rasa ta. Ki gaya mata gaskiya, ki zauna hagunta."

"In ta ware mini ƙwarya fa?"

"Sai ki nemi wata. Hau, direba ya fara zagi."

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo, ta farko da aka taɓa kawowa gidanmu da sunan mace a bayanta. Inna ta ajiye rariya, Baba ya tsaya a bakin zaure kamar mai neman wani abu, ni na karanta. Rabin wasiƙar gaisuwa ce, har da kaji. A ƙarshe ta ce ta sami mai riƙe mata, wata 'yar Rogo, amma aikin ba yawa, tun zuwansu sau biyu kacal ta tafi. Abu ɗaya ke damunta, yarinyar ba ta bambanta tafiya da tunani, ko shiru Azumi ta yi sai ta danna mata yatsa, ga ta da farce, gwiwa duk ta yi shaida.

Iya ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Uwar shiru, ɗauko alƙalaminki. Ki ce ta yanke wa 'yar mutane farce, amma ko da wasa kada ta rabu da ita."

Na rubuta yadda ta faɗa.